Jakar Barcin da Ta Tsaya Mini a Ƙirji

Fagge

Ana idar da sallar asuba na saɓa kaya daga Fagge zuwa Sabon Gari, inda abokina Ishaya, malamin makaranta, ke jira da motarsa. Dutsen Shere na Jos za mu hau mu kwana. Shi ya ɗauki nauyin mai da abinci, ni kuwa na ce a bar mini tanti da abin kwanciya, tunda ni tela ne, yadi ba ya ɓoye mini komai.

Ana gobe tafiya na je kasuwa wajen Iya Sikira mai gwanjo. Ta ce in warware kayan in gwada. Na dubi jama'a, na dubi babbar rigata, na ce murzawa kawai ta ishe ni. Na zaɓi shuɗin tanti da jakar barci biyu, irin mai zif da ake shiga ciki.

Falgore

A shingen daji wani soja ya latsa ƙunshin tantin, ya tambaya ko gidan sauro ne. Na yi masa dogon bayani har ya gaji ya ɗaga mana hannu. A Saminaka muka ci doya da ƙwai.

Shere

Da la'asar muka kai saman dutse, iska na yankan kunne. Muka kafa tanti, ashe rabinsa raga ne. Jaka ɗaya kuma ta yara ce, da zanen agwagi. Na miƙa wa Ishaya babbar, na ce ni sanyi bai cika damuna ba. Na shiga tawa, ta tsaya mini a ƙirji, haƙorana suna ta haɗuwa.

Da gari ya waye na farka cikin ɗumi. Babbar jakar ce lulluɓe da ni. Ishaya na tsugune gaban tokar wutar da ya kwana yana ji, yana tari.

"Me ya sa ka yi haka?"

"Malam Sani, ƙarar haƙoranka ce ta hana ni barci."

Kano

Ni na tuƙo mu gida, don muryar Ishaya ta dishe, jikinsa ya yi zafi. Da magariba muka shiga Sabon Gari. Matarsa ta tambayi inda ya kwaso wannan mura. Kafin in buɗe baki ya ce ruwan rafi ya sha. Ta yi ta gode mini da na kula mata da miji, har ta cika mini kwano da farfesu.

Na isa Fagge lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Ishaya a zuci. Farfesun kuwa na cinye shi tas.