Abin da Baba Bai Ƙarasa Faɗa Ba

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa Gaya, matasan Ajingi suka gayyace ni in yi magana a taronsu na bayan sallah. Minti biyar aka ba kowa, aka ce a zo da shawara guda wadda za ta zaburar da jama'a. Ban sha wahalar nema ba. Tsakanin gonar mahaifina a Toranke da ta ƙaninsa, Baffa, akwai jerin darbejiya da mangwaro, kuma tun ina ƙarami nake jin cewa su suka kashe rigimar iyakar da ta kusa raba gidanmu. Na ce shi ke nan: a dasa itace a iyaka, a huta da shari'a.

Sati biyu ina shiri. In rubuta in goge, in tsaya a aji bayan an tashi ina yi wa kujeru jawabi, agogon waya yana tafiya. Abu ɗaya ya rage, in ji labarin daga bakin mai shi.

Ranar Asabar na hau babur na tafi. Na tarar da Baba a zaure yana ɓarar gyaɗar iri. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya ture faifan gefe, ya gyara zama. Ya faro tun daga kakansa, da yadda aka sare dajin, da shekarar da ruwa ya ɗauke dawa ba ta fid da kai ba. Ni kuwa sai duban waya nake.

"Baba, a taƙaita mini. Minti biyar kawai gare ni."

Ya ɗan tsallake, ya kai ranar da Baffa ya yi masa sammako riƙe da gatari. Na sake katse shi.

"Wannan ba zai shiga ba, Baba. Darasin nake so."

Ya dube ni jim kaɗan, sannan ya jawo faifansa.

"To, ka ce musu su dasa itace. Allah ya ba da sa'a."

Har murna na yi, wai na samu abin rufe jawabi.

Taro ya yi kyau, an tafa mini, ban wuce lokacina ba. Ina fitowa wani dattijo mutumin Kademi ya riƙe hannuna.

"Malam, mu ma muna da itace a iyaka, kuma a kan 'ya'yansa muke faɗa. Su naku, me suka ce wa juna kafin su dasa?"

Na yi murmushi, na ce sai mun zauna. Gaskiyar magana ban sani ba.

Na yi niyyar komawa in tambaya, amma jarrabawa ta zo, damina ta biyo. Kafin kaka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, harshensa ya yi nauyi. Baffa kuwa ya daɗe da rasuwa. Na tambayi Inna, mahaifiyata, ta ce ita dai ta ga Baba da Baffa sun fita ba sa ga maciji, sun dawo da azahar suna raba goro ɗaya, kuma ba wanda ya ce mata komai.

Yanzu duk Asabar nakan je in wuni kusa da shi. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na roƙe shi ya ƙarasa mini. Ya yunƙura, leɓensa yana rawa, ya daɗe yana ƙoƙari, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na share masa baki, na gyara masa matashi, na zauna kusa da shi har aka kira la'asar.