Kwantiragin da ya ajiye saboda golansu

Wata rana na shiga motar Gusau zuwa Funtua, na zauna kusa da wani dattijo mai ɗingishi.

Ni kuwa kun san ni, in ana hirar ƙwallo bakina ba ya rufuwa. Ina ta zagin 'yan wasan yanzu, na ce ba su san komai ba sai kuɗi da aski.

Dattijon ya yi dariya, ya ce shi ma ya taɓa bugawa. Lamba biyar, kuma kyaftin.

Ya ba ni labarin zamaninsu. Filin ƙasa, mota ɗaya duk ta kwashe su, in an tashi wasa a ci tuwo a tire guda. Yana faɗa idonsa na haske, ni ma sai kewar lokacin ta kama ni.

A gasarsu akwai doka: albashin 'yan wasan ƙungiya gaba ɗaya yana da iyaka. Duk mai kwantiragi ana lissafa shi, ko yana wasa ko yana kwance.

Shi ne mai albashi mafi tsoka. Sai gwiwarsa ta lalace, likita ya ce shi da ƙwallo har abada. Saura shekara biyu a kwantiraginsa, kuma ba mai ikon hana shi ko sisi.

To amma muddin yana karɓa, ba gurbin sabunta kwantiragin golansu Sabitu, wanda matarsa ta haihu a watan. Sallamarsa za a yi.

Da sandarsa dattijon ya je ofishin ƙungiya, ya ce a soke nasa kwantiragin. Sharaɗinsa ɗaya: kada Sabitu ya ji dalili.

Na ce, "Baba, ba ka yi nadama ba?"

Ya ce, "Na sha wuya, ɗana, ba zan ɓoye maka ba. Amma Sabitu ya daɗe a raga bayan nan. Duk ƙwallon da ya kama, ina gida gaban rediyo ina tsalle da ƙafa ɗaya."

Wallahi kunya ta rufe ni. Har muka isa Funtua ban ƙara zagin kowa ba.

Darasi: Wani lokaci kujerar da kake kai, wani ne ya tashi ya bar maka ba tare da ka sani ba. Ka girmama waɗanda suka riga ka.

Tura wa abokin da kuka buga ƙwallo tare, ko da kun daɗe ba ku gaisa ba.