Ɗawisu a Bakin Ƙofar Maƙwabta

Ana kiran assalatu na bar gida zuwa filin jirgin Kano, kafin rana ta faɗi kuma ina Riyad, gidan yayata a unguwar Shumaisi. Titunan faɗi gare su, motoci na gudu kamar an koro su, iska kuma busasshiya har leɓe na tsagewa. Shayin karak mai madara da kayan ƙamshi da gurasa mai ɗumi ne suka fara sasanta ni da garin.

Abin da ya fi zauna mini a rai, a ƙofar maƙwabtan Yaya na same shi. Indiyawa ne, 'yan ƙabilar Meena. Matar gidan ta haihu, washegari za a sallamo ta daga asibiti. Mahaifiyarta, wata siririyar tsohuwa da ta zo daga ƙauyensu, ta kafe cewa jikarta ba za ta tsallake ƙofar da ba a yi wa mandana ba. Zane ne da matansu ke yi a daɓe da bango idan abin farin ciki ya zo. Sai an shafe wurin da jar ƙasa da kashin shanu, sannan a zana da farar ƙasa. To ga gidan haya, ko'ina tayil, mamallakin gidan kuma ya ce ko ɗigo kada ya gani.

Muka raka ta kasuwar Dira neman kayan zanen, surukinta, mijin mai jegon, na yi mana fassara. Da direbanmu, mutumin Maraɗi, ya ji abin da ake nema, sai da ya kifa kai a sitiyari.

"Hajiya, kashin shanu a Riyad? Sai dai in yi waya gida a aiko, shi ma sai an nema masa iƙama ta zama a ƙasar!"

Kasuwar ƙamshin turaren wuta take yi lungu-lungu, darduma kuma tsada kamar ba takawa za a yi ba. Duk shagon da muka tambaya, amsar ɗaya ce: "Mafi," wato babu. A ƙarshe surukin ya sayi yadi mai kauri, launin tubali, da farin fenti. Ya ce yanzu 'yan matan garinsu a kan yadi da takarda suke zanawa, har jaka da rigar matashin kai. Tsohuwar ta sansana fentin, ta yamutsa fuska.

Bayan la'asar sai muka ji motsi. Ashe tsohuwar ce ta shimfiɗa yadin a bakin ƙofa, ta naɗe ɗan tsumma a yatsa tana tsomawa a fenti. Ba fensir, ba gogewa. Layi na bin layi, sai ga macen ɗawisu ta fito da 'ya'yanta a ƙarƙashin fiffike, jikinta cike da sirara-siraran zane kamar saƙar hula. Na durƙusa ina kallo har ƙafata ta yi tsami.

Da safe mai jego ta iso, jaririya a ƙirji, ta ɗora ƙafa a tsakiyar ɗawisun. Ban san lokacin da na ce "Wayyo!" ba. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaya mini: "'Yata, ai don ƙafa aka yi shi."

Na dawo Kano lafiya. A da ina zaton abu mai kyau sai an rataye shi nesa da hannu. Yanzu na san akwai kyan da ake shimfiɗawa a ƙasa, don wanda ake ƙauna ya taka ya shigo gida.