Watannin Mushtari da Idon Malama Tabawa

Wata rana, damina na ban kwana, wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gidan Malama Tabawa a Malumfashi.

Bari in fara gaya muku ko wace ce.

Tsohuwar malamar firamare ce, ta yi ritaya. Har yau in ta ratsa kasuwa, sai ka ga magidanta masu gemu suna rusunawa suna gaishe ta.

Kimiyya ta koyar. Duk wanda ya zauna a ajinta kuwa ba ya manta ranar darasin duniyoyi, domin ran nan da kwando take zuwa makaranta.

Kabewa ita ce Mushtari, wadda wasu ke kira Jupita, babbar cikinsu. Takan ce wa yara ba ta da ƙasar da mutum zai taka, iska ce curi guda, kuma akwai wata jar guguwa a jikinta da ta fi duniyarmu faɗi.

Tumatir shi ne Mirrihi, mai jar ƙasa saboda tsatsa, mai iska kaɗan wadda ba ta isa numfashi ba.

Zuhal kuwa, sai ta huda tsohon faifai ta cusa lemo a tsakiya. Ga zobe ya fito.

Zara ce ta fi ba yara dariya. Dafaffen ƙwai take nannaɗewa da auduga, ta miƙa musu su taɓa su ji ɗumi. Ta ce haka take: gajimare ya rufe ta ruf, zafi ya shiga ya kasa fita, har dalma sai ta narke a kanta.

In an tashi darasi, yara su cinye duniyoyin.

Kabewa ce kawai take komawa gida ta shiga miya.

Abin da yaran ba su sani ba shi ne, duk wannan a littafi ta karanta. Ba ta taɓa sa idonta a madubin hangen nesa ba.

To, wadda ta fito daga motar nan Barira ce, tsohuwar ɗalibarta. Ita ce yarinyar da ta taɓa cinye Mirrihi tun ba a gama darasi ba. Yanzu ta girma, tana koyar da ilimin sararin samaniya a wata jami'a.

Ta durƙusa ta gaishe da Malama. Sannan ta sa aka shigo da wani dogon akwati tsakar gida, ta ce yau ta zo ta nuna wa malamarta ainihin kabewar.

Malama ta yi murna. Ta yi ta sa mata albarka.



Amma akwai abin da take ɓoyewa.

Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyun. Ta daɗe tana gani dishi-dishi. Zura zare a allura ya gagare ta, sai ta ce ɗinki ne ya fita ranta. Ta taɓa zuba gishiri a kunu, ta ce gwaji ne. Wata safiya ma ta tsaya ta gaishe da babbar rigar mijinta, Malam Sidi, da aka shanya a igiya, har tana tambayar ta ya gajiya.

Malam Sidi yana zaune a gefe yana kallo. Da ya gama dariya ya roƙe ta su je asibiti.

Ta ƙi.

'Ya'yanta suka yi magana, ta ƙi. Sau ɗaya da aka lallaɓa ta ta je, likita ya ce aikin ɗan ƙarami ne, ta ce ta ji, ba ta koma ba.

Tana da dalilinta. Tana yarinya, wani mai yawon cire yana ya zo ƙauyensu ya taɓa idon gwaggonta. Daga ranar gwaggon ba ta sake ganin ko hasken fitila ba, Tabawa ce ta riƙa yi mata jagora har ta rasu. Tun sannan, in aka ce za a taɓa ido, sai tsoro ya kama ta.

Barira ba ta san da wannan ba.

Bayan sallar magariba ta kafa madubin a tsakar gida. Kafin ka ce me, labari ya zaga unguwa. Mata suka shigo da goyo, tsofaffin ɗalibai suka cika zaure, har limamin unguwa ya leƙo wai wucewa yake yi.

Barira ta saita madubin ga wani haske mai ƙarfi a gabas. Ta yi musu bayani cewa wannan ba tauraro ba ne, duniya ce, kuma tana da watanni da yawa ba ɗaya ba irin tamu. Manya huɗu daga cikinsu za su gani a jere, kamar an ɗiga su da tsinke. Ɗaya cike yake da duwatsu masu aman wuta. Wani kuma ƙanƙara ce ta rufe shi, masana suna kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashinta.

Ta ce ba wanda zai leƙa kafin Malama.

Aka matsa mata. Ta sunkuya, ta sa ido.



"Malama, watanni nawa kika gani?"

Ta san amsar. Ta sha rubuta ta a allo. Da ta ce huɗu, da an tafa, an wuce wurin, ba wanda zai gane.

Ta ɗago a hankali.

"Barira, in don amsa ce, na san huɗu ne. Amma ni ban ga komai ba. Fari kawai nake gani, kamar an watsa koko a madubi."

Barira ta dubi Malam Sidi. Ya sunkuyar da kai. Nan take ta gane.

Malama ta sake cewa, muryarta ƙasa-ƙasa, "Wannan Mushtarin, za ta jira ni?"

"Za ta jira, Malama. Har bayan kaka tana nan da magariba. In kin wuce haka, sai baɗi."

"To, ban da tabbacin baɗi. Malam, gobe ka kai ni."

 Malam Sidi ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗan jima, ya fito yana goge ido yana cewa hayaƙin murhu ne ya dame shi.

Ba a kunna murhu ba a ranar.

Sauran mutane suka yi layi suka leƙa. Malama ta zauna a tabarma tana jin su, wannan ya yi salati, waccan ta ce a ɗaga mata ɗanta ya gani. Kowa ya gama sai ya zo ya ba ta labari. Ta saurara tana murmushi, amma a ranta ta ƙudure ba za ta ƙare da labarin wasu ba.

Washegari suka tafi.

Ba za a ce tsoron ya tafi ba. A ranar aikin ta riƙe hannun ma'aikaciyar jinya har matar ta roƙe ta ta ɗan sassauta. Ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta dawo farko. Tana cikin jiran a fara, likita ya ce an gama.

Ta ce a daina yi mata wasa.

Da aka cire mata bandeji, wanda ta fara gani Malam Sidi ne, tsaye a kanta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tambaye shi yaushe gemunsa ya yi fari haka bai gaya mata ba.

Ya ce shi ma jira yake ta warke ta gaya masa.

Da suka koma gida, ta ga bangon ɗakinta ya yi datti, ta ga zanen da take ta yabo ashe ya koɗe, ta ga jikarta tana da wushirya. Ranar ba wanda ya huta a gidan.

Bayan wasu makonni aka yi ɗaya idon. Wannan karon ita ta riga Malam Sidi shiryawa.

An fara girbin dawa Barira ta dawo da akwatinta.

Ba a yi gayya ba, amma unguwa ta ji. Tsakar gida ta sake cika.

Malama ta sunkuya.

Ga ta nan. Ƙwallo mai haske, da ratsi biyu masu duhu a jikinta kamar an ɗaura mata ɗamara. A gefe, 'yan ɗigo-ɗigo a jere.

Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa.

Uku.

 Ta ce a ranta, ashe aikin bai gama kyau ba. Ta lumshe ido ta buɗe, ta sauya zuwa ɗaya idon. Uku dai.

Ta miƙe ta faɗa wa Barira abin da ta gani, ba ragi ba ƙari.

Barira ta leƙa, sai ta fashe da dariya. Ta ce idon Malama lafiya lau, uku ne a fili. Na huɗun ya zagaya bayan Mushtari, domin yawo suke yi ba dare ba rana. In an ɗan yi haƙuri zai fito.

Aka shimfiɗa tabarmi. Aka kawo dafaffiyar gyaɗa. Aka yi sallar isha'i.

Malama ba ta ci gyaɗar ba. Ta ja kujera ta zauna a bakin madubin, ta ce ita ce mai gadi.

Can sai ga wani ɗan ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba, yana ɓullowa daga gefen ƙwallon.

Malama Tabawa, wadda ɗalibanta ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta rangaɗa guɗa.

Daga nan ta ce a juya mata zuwa Zuhal. Da ta ga zoben, siriri, tsaf, yana kewaye da duniyar bai taɓa ta ba, ta kasa ɗauke ido. Barira ta ce ƙanƙara ce da duwatsu birjik suke zagayawa, daga nesa suke zama kamar abu ɗaya. Malama ta gyaɗa kai, ta ce lallai faifanta ya yi kauri da yawa, a ba tsofaffin ɗalibanta haƙuri.

Malam Sidi yana bayanta a layi, yana ta gyaran murya. Ba ta ko waiwaya ba.

Yanzu haka a unguwarsu, duk tsohuwar da ta fara laluben takalminta da ƙafa, Malama Tabawa tana gane ta. Takan je gidanta ta zauna, ta ba ta labarin rigar da ta gaisar, su yi dariya tare. Washegari ka gan su a bayan a-daidaita-sahu sun nufi asibiti, Malama riƙe da hannunta.

Darasi:

Da ta faɗi amsar da ta haddace, da an tafa mata, da har yau tana cikin duhu. Cewa "ban gani ba" a gaban mutane ba kunya ba ce, daga nan magani yake farawa.

Tsoron da ya kama ka tun kana yaro yana iya zama da dalili. Amma ka tambayi kanka me yake hana ka gani yau.

In akwai tsoho a gidanku da idonsa ya fara dishi-dishi, kada ku yi masa faɗa. Ku nemo abin da ransa yake marmarin gani, sannan ku kama hannunsa ku kai shi wurin likita.

Ku tura wannan ga 'yan uwa da tsofaffin abokan aji. In kuma malamin da ya koyar da ku yana raye, ku kira shi yau ku gaishe shi.