Saniyar Rasha Da Ta Haihu A Wata Shida

Bokona ya tsaya a aji biyar, amma a gidanmu nan Mafara ni ne Bature. Shi ya sa da ɗiyata mai koyarwa a Bakura ta zuba mini wani tsohon littafin mutanen Rasha a memori, wanda wani mai muryar ganga ke karantawa da Turanci, ban nuna gazawa ba. Na sa a rediyona. Cikin kalma goma nakan kama uku, sauran in cike da basira.

A shekarar ne ciwo ya shanye wa taubashina ɓarin jiki a Janbako. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, dillalin shanu, mutumin da tun muna yara bai taɓa bari na gama magana ba. Likita ya ce harshensa zai iya tashi in ya motsa shi. Shi ko ya ƙi. Kunyar yadda bakin ya karkace ta sa ya juya wa duniya baya, wata biyu ko uffan.

Na hau mota zuwa Maradun, na ƙarasa a babur. Bayan gaisuwa na ajiye rediyo kusa da tabarmarsa.

"Bawana," na ce, "tunda ka daina surutu, yau za ka yi ilimi."

Nakan saki mai karatun ya yi nisa, in tsayar, in fassara. Mutanen littafin ba su da aiki sai shan shayi da baƙin ciki, kuma kowane na da suna uku kamar ɓarawon shanu. Mako uku ina zuwa. Yana dai kallon bango, amma na lura in na tsayar da rediyo, yatsun hannunsa mai lafiya sukan daki tabarma.

A zuwa na huɗu aka kai inda wani mai gona ke zance da barorinsa. Wallahi ban san kan me ba, na dai ji an ambaci saniya. Na gyara murya.

"Ya ce saniyarsa ta haihu a wata shida cif. Can haka suke, saboda sanyi."

Sai na ji gurnani. Ya juyo, leɓe na rawa, ido ja.

"Ƙar... ƙarya ta."

Matarsa ta saki ludayi a bakin ƙofa.

"Mi kac ce?" na ce. "Rasha za ka koya wa kiwo?"

"Tara," ya ce, miyau na zuba, bai ko damu ba. "Wata... tara. Jaki."

Matar ta ce, "Alhaji, zaginka fa ya yi," tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Na ce na ji, kuma ban yafe ba sai ya maimaita.

Littafin dogo ne, har yanzu ba mu kai rabi ba. Maganarsa na fita da ja, amma tana fita. Ɗiyata ta saurari wurin daga baya, ta ce ba haihuwa ake zance ba, ciyawa ce. Na roƙe ta ta rufa mini asiri, don mako mai zuwa akwai doki, kuma na riga na shirya masa ƙaho.