Ramammun Awakin Kawu Ɗanjimma

Ku da kuka san Kawu Ɗanjimma na Falanko, ƙanen mahaifiyata, kun san ba a nuna masa abu mai kyau ya yaba. Sai ya zagaya shi sau biyu, ya taɓe baki, ya ce, "To, me aka rage masa?" Wai duk halittar da Allah Ya ƙara wa wani abu, Ya rage mata wani.

A kasuwar Tanut wani ya yi ta koɗa masa raƙuma, ga tsawo, ga jure ƙishirwa. Kawu ya ce, "Na ji. Kafin ta haifi ɗaya, akuyata ta ga jikokinta." Mutumin ya ja abarsa ya yi gaba.

Kai, har mutane bai ƙyale ba! Ranar da na kai masa amaryata Hadiza gaisuwa, ya ce, "Kyau kam akwai. Me aka rage miki, 'yata?" Ta ce, "Haƙuri, Kawu." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Awakinsa kuwa, wayyo! Ƙafafu zalla, nono bai cika ludayi ba. Da na je kudu na sayo jajaye masu haihuwa biyu-biyu, da gangan na kora su ta ƙofar gidansa.

"Kawu, ka ga awaki?"

"Na ga hantsa. Ina ƙafa? Da hantsar za su taka zuwa rijiya?"

Na ce tsufa ke damunsa. Shekara uku ina shan nono ina yi masa tsiya.

Sai ga farin tamanin da huɗu. Rijiyarmu ta ƙafe, ruwa sai an wuni ana tafiya. Jajayena suka riƙa kwantawa a hanya ɗaya bayan ɗaya, ba su ƙara tashi ba. Ga Hadiza da jaririya, yunwa ta ɗauke mata ruwan nono. Na tsorata ƙwarai, amma kunya ta hana ni zuwa wurinsa.

Shi ya zo da hantsi, janye da ramammunsa biyu. Na sunkuyar da kai ina jiran gori. Wallahi bai yi ba. Ya miƙa wa Hadiza igiyar ya ce, "Kaɗan suke bayarwa, amma gobe ma za su bayar."

Da wannan nonon 'yata ta rayu, yau ita ma uwa ce. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da ita. Amin.