Rimot Mai Koyo a Shagon Uwar Biyu

Duk layin teloli an san Uwar Biyu: ba ta sayen abu sai ta taya har mai kaya ya gaji, kuma ba ta yar da komai, ko maɓallin tsohuwar riga yana da gwangwaninsa. Tun tana amarya take sayar da zare da allura a gefen keken ɗinkin mijinta, Malam Tela. Da safe suna tare, da rana ta wuce gida girki ta bar masa shago.

Babban ɗansu ne ya kafa musu kyamarori kafin ya tafi karatu, ɗaya a ƙofa, ɗaya a saman kantar shago, da akwatin adana hotuna a ƙarƙashin tebur. Ba a daɗe ba aka ɗora dutsen guga a kan rimot ɗin akwatin ya narke. Kyamarori suka ci gaba da ɗauka, ba mai iya dubawa. Ba ta damu ba, sai ranar da wata mata ta rantse ta bar leshinta a kan kantar shagon. Uwar Biyu ba ta kwana da zargi.

Ta zaga shagunan kayan lantarki, duk inda ta shiga kuɗin rimot sai ka ce da talabijin za a haɗa mata. Daga ƙarshe wani mai gyaran rediyo ya zaro ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, mai araha.

"Wannan koyo yake, Hajiya. Ki haɗa shi baki da baki da wani rimot, kina danna maɓalli yana haddacewa."

"Namu ai ya narke. Wa zai koya masa?"

"Nemi maƙwabci mai irin akwatinku."

Mai askin da ke jikin shagonsu yana da irinsa. Da ta nemi aro sai ya tsaya sosa ƙeya. "Malam ya san za ki duba?" Ta ce tun yaushe ake neman izini a kan leshi? Ya miƙo mata, bai kalle ta ba.

Malam ya fita sayo shafi, yadin da ake sa wa riga ta ciki. Ta koya wa ɗan rimot abin da zai koya, ta mayar da hoto baya tana neman matar. Sai ta ga mijinta shi kaɗai da rana, yana taka keke. Ya tsaya. Ya dafe ƙirji, ya zame daga kujera ya kwanta tsakanin ƙyallaye, ba motsi.

Rimot ya suɓuce daga hannunta. Ta tsugunna ta ɗauka. A hoton mai aski ya shigo da gudu, ya yayyafa masa ruwa. Malam ya tashi zaune, ya kama hannun mai askin yana girgiza kai, kamar mai roƙo. Sannan ya kakkaɓe riga ya koma kan keke.

Ta ƙara komawa baya. Wata rana ma haka. Wata kuma har goshinsa ya bugi ƙafar tebur: ƙullutun nan da ya ce mata ƙofa ce ta buge shi, ita kuwa ta yi masa dariya.

Malam ya shigo da shafi a hammata, ya ga kansa kwance a allo. Ya ajiye kayan a hankali.

"Malam," ta ce, "da a nan ka cika, wa zai faɗa mini? Mai aski?"

"Jiri ne kawai, Uwar Biyu. Na ga yara na karatu, na ce kar in ɗaga miki hankali."

Ta zare wayar keke, ta ja ƙofar shago, ta tare musu mota. A asibiti aka ce bugun zuciyarsa ne ke tsallake, kuma ya yi sa'a da aka kawo shi da ƙafarsa. Aka ɗora shi a kan magani.

Yanzu da asuba take girki, ta ƙunso abincin ta taho da shi shago, kujerarta dab da kekensa har a tashi. Yana mita wai an sa masa ɗan sanda. Ita dai tana zura masa zare a allura, in ya yi tari ta ɗago kai.